Muna da Ɗiyar Farin Rabi

Muna ba ta taɓa shiga lakwal ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Amma a unguwarmu ta gabashin Filinge, wanda ke son sanin shekarun yaro ba takarda yake nema ba, Muna yake nema. Ita za ta ce maka an haife shi shekarar da fara ta sauka gero na tsakar fitar da kai, kwana uku bayan Sallar layya, kuma uwarsa ta sha wuya don da ƙafa ya zo. Shekara ashirin da ɗoriya ta yi tana ungozoma, tun mata na haihuwa a ɗaka durƙushe bisa rairayi, har aka zo aka ce sai a likita, wato asibiti, aka karɓe mata reza da zare aka bar mata wankin zannuwa. Ba ta riƙe kowa a zuci ba. Ta ce yaran da ake yanke wa cibi a likita sun fi rayuwa, ita kuwa rai take so.

Doguwa ce, siririya kamar karan dawa, muryarta a dishe tun tana budurwa. A wani ƙauye na Kurfai aka haife ta, can inda kwarin dallol ke buɗewa, gawo na tsaye ba ganye da damina. Aure ya kawo ta gari. Mijinta mai amalanke ne, yana ɗauko wa mata itace da kaba ranar kasuwa. Ya rasu ya bar ta da yara uku da jaki ɗaya. Jakin ya bi shi bayan damina biyu, yaran suka girma suka watse, biyu Yamai, ɗaya Kwatano.

Da masu poroje, ƙungiyoyin agajin nan, suka zo suka ce kowace unguwa ta fitar da mutum bakwai su zama komitin kare yara, sunanta aka fara faɗi. Aka tara su kwana uku a wani ɗaki mai sanyi, ana bayani da faransanci, wani ya juya da zabarmanci, wani ya ƙara juyawa da hausa, kafin magana ta iso kunnen Muna ta zama kamar furar da kowa ya ƙara wa ruwa. Aka ba su riguna shuɗɗa, aka ɗauke su hoto. Sauran shidan, tun ranar hoton ba wanda ya sake ganinsu wuri ɗaya. Muna kaɗai ta ɗauka da gaske ake. Ita ta yi ta zarya har mushe, wato malamin lakwal, ya yarda wata yarinya kurma ta zauna a aji. Ita ke leƙa gidajen da aka yaye yaro da gaggawa don uwa ta sami wani ciki, ta matsa ƙafarsa ta ga ko ta kumbura, ta goya shi da kanta zuwa likita in uwar na jin nauyin fita. An zage ta a ƙofar gidaje da yawa. Wani mai gida ya taɓa ce mata ta je ta kare nata ɗiyan da suka watse suka bar ta. Ta ce masa ta ji, amma dai ya miƙo yaron.

Bara waccan da kaka, mutanen ƙauyukan arewa suka fara kwararowa, waɗanda masu bindiga suka ba kwana uku su tashi. Gero ya nuna a gona, ba a sa masa lauje ba suka baro shi. Aka sauke su a filin da ke bayan unguwarmu, suka kafa zana da tamfol. A cikinsu akwai wata mace, Rabi, mai kimanin shekara talatin. Mijinta Zaidu ya tafi Libiya shekara uku ba labari, don haka a ƙarƙashin wan mijin ta zo, Malam Kailu, dattijon da ya jawo abin da ya rage na zuriyarsu. Yaranta huɗu. Babbar ita ce Nasiba, shekararta goma sha ɗaya, ɗiyar fari.

Kowa a ƙasar nan ya san yadda ake yi da ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi gaban mutane, ba ta buɗe baki ta ce nata ne, kuma da an yaye shi sai a kai shi wurin kaka. Kunya muke ce wa abin, muna alfahari da ita. Nasiba tun yaye tana hannun uwar Rabi. Tsohuwar ba ta ga Filinge ba, a kan amalanke ta cika, aka rufe ta a gefen hanya. Yarinyar ta koma bayan Rabi tana bin ta duk inda ta sa ƙafa, Rabi kuwa in tana son ta sai ta ce ke.

Kwana goma da saukarsu wata ƙungiya ta aiko a rubuta kowa. Mai rubutun wani saurayi ne daga Yamai, Nasiru, da wayar nan mai faɗi da ake shafa wa yatsa. An ce masa ya gama gida ɗari biyu kafin la'asar. Mata suka yi layi cikin rana. Da aka zo kan Rabi ya tambaye ta yaranta nawa, kuma mi ne ne sunayensu. A bayanta matar Malam Kailu ce tsaye da wasu tsofaffi biyu na garinsu. Rabi ta faɗi sunaye uku ta yi shiru. Nasiru ya nuna Nasiba, wadda ke riƙe da gefen zanenta, ya ce wannan fa. Rabi ta sunkuyar da kai. Wata tsohuwa ta ce ai ta tsohuwa ce, tsohuwar kuwa ta rasu a hanya. Ya tambayi yarinyar wa ke riƙonta, ta ce kakarta. Ya ce ina uwa. Nasiba ta dubi ƙafafun Rabi ta yi shiru, don ita ma haka aka koya mata. Ya shafa yatsa ya ce mai bi.

Ba zan wanke tsofaffin nan ba. Sun ga abin da ya rubuta ba daidai ba ne, sun kuma ji ana cewa wanda aka rubuta maraya ana ba shi bargo da sabulu, suka ja bakinsu. Amma su tsofaffi ne da aka koro daga gidajensu da tufafin jikinsu. Wanda ya ƙera tambayar fa? Wanda ya zauna a ofis ya tsara yadda za a ƙidaya ɗiyan Hausawa da Fulani, bai tuna ko sau ɗaya cewa a nan ba a tambayar uwa ɗan farinta gaban surukai ba? Da maƙwabciya aka tambaya, da magana ta ƙare a numfashi ɗaya.

Bayan mako uku takarda ta sauko. Alƙalin yara ya sa hannu: Nasiba yarinya ce da ta rabu da iyayenta, ranar Alhamis mota za ta kai ta wata cibiya a Yamai, a ajiye ta can har a gano danginta. Za a baza neman uwarta a faɗin jiha, uwar kuwa tana zaune taku biyu daga yarinyar tana tsefe mata kai.

Ranar Litinin da hantsi Rabi ta shigo gidan Muna ta tarar tana sussuka. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta tambayi gajiya, ta tambayi zafi, ta sake tambayar gajiya. Muna ta ajiye taɓarya.

"Inna, za su tahi da waccan."

"Wace waccan?"

Rabi ta dubi ƙasa tana zana rairayi da yatsa. Muna ta karɓi haihuwa fiye da yadda za ta iya ƙirgawa, ta san wannan shirun. Ta ce ta fari ce? Rabi ta gyaɗa kai, hawaye ya sauka kan hannunta. Muna ba ta rarrashe ta ba. Ta rufe turmi da faifai ta ɗauki mayafi.

Ta sami Nasiru a ofishinsu, ta tsaya a kansa ba ta zauna ba. Ta tambaye shi shi ne na nawa a ɗakinsu. Ya yi dariya ya ce na uku. Ta ce babbansu fa, ya ce mace ce, tana aure a Doso.

"To ɗana, ka taɓa jin uwarka ta kira sunanta?"

Dariyar ta tsaya. Ya ce a'a, Inna.

"A gidanku ka san kunya, da anka ba ka waya sai ka mance. Ko ita wayar ce ba a haifa a ɗaki ba?"

Yaron bai yi gardama ba, wannan kam a faɗa masa. Ya ce ranar mutane sun yi yawa, rana ta yi zafi, kuma wayar ba ta da wurin da ake rubuta cewa uwa ta yi shiru. Ya ce abin da ya shafa tun a ranar ya tafi Yamai, shi ba ya iya goge shi, sai shugabansa. Shugaban kuwa yana Tilaberi wurin wani taro na kwana biyar, kan yadda za a riƙa sauraren jama'a. Muna ta sa ya maimaita mata abin da taron yake a kai. Da ya maimaita ta ce Allah ya ba su kunnuwa, ta fita.

Ranar Talata ta wuni a kan benci ƙofar alƙalin yara, sai bayan azahar ya gan ta. Mutum ne mai natsuwa, kuma ya saurare ta har ta gama. Ya ce ya san kunyar ɗan fari, ba daga sama ya faɗo ba. Amma ya ce a wannan kujera ya ga mata biyu da suka zo suka rantse yarinya tasu ce, bayan wata uku aka tsinci yarinyar tana wanke-wanke a gidan wasu a birni, ba lakwal ba takalmi. Tun daga nan ba ya ba da yaro kan maganar wani. Rabi kuwa gaban shaidu ta ce yaranta uku. In huɗu ne, ta zo ta faɗa da bakinta, ta kira sunan yarinyar, gaban shaidu biyu daga dangin uba, kafin mota ta tashi ranar Alhamis. Muna ta ce ranka shi daɗe, gaban dangin uban ne fa ba ta iyawa. Ya ce shi ma ga doka gabansa.

Ita ma Muna ɗiyar fari ce. Uwarta ta kai shekara saba'in, wata shida ta yi tana jinya a ɗakin Muna, ita ke juya ta, ita ke wanke ta, ita ke ɗura mata kunu da ludayi. Har aka ɗaure haɓarta ba ta ce Muna ba. Sau ɗaya ta ba ni labarin nan, ba ta ce ya yi mata zafi ba, ta dai ce ta san tsohuwar na son ta don ita take ajiye wa ƙanzo. Mutumin da ya girma haka ya san abin da alƙali bai sani ba, cewa ƙullin ba a harshen Rabi yake ba, a kunnen masu sauraronta yake. Don haka ranar Laraba ba ta je ta yi wa Rabi faɗa ba. Wurin Malam Kailu ta nufa.

Ta same shi a inuwar zana yana tufka igiya, ba don yana da dabbar da zai ɗaure ba, don hannu ya saba. Ta gaya masa komi. Ya ce wannan wane irin shirme ne, duk garinsu an san Nasiba ɗiyar Zaidu ce, shi ya yanka ragon sunanta, shi zai je ya faɗa. Muna ta ce an gode, zai faɗa, amma alƙali bakin uwa yake so, kuma a gabansa. Dattijon ya ajiye igiyar.

"Matar ƙanena ta tsaya gabana ta kira sunan ɗiyar hwari? Baiwar Allah, mun baro gari, mun baro rumbu, mun baro kushewar iyayenmu. Kunyar nan kaɗai munka hito da ita."

"Malam, da abu biyu kunka hito, kunya da yarinya. Gobe mota za ta ɗauki ɗaya. Kai ne babba, kai za ka ce wace."

Ya ce mata ita ba ta da ta ido, an gaya masa tun kafin ta zo. Ta ce gaskiya aka gaya masa, a ɗakin haihuwa ta bar ta, inda ba ta da amfani. Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka, ita kuma ta tsaya a kansa har inuwar zanar ta matsa ta bar su cikin rana, sannan ta tafi.

Ranar Alhamis da safe farar mota na tsaye ƙofar alƙali, da yara maza biyu a ciki, waɗanda su da gaske ba a san inda nasu suke ba. Muna ta zo da Rabi da Nasiba. An wanke yarinyar an shafa mata mai, an ɗaure mata kayanta a ɗankwali, don Rabi ba ta yarda za ta iya ba. Suna shirin shiga sai ga Malam Kailu da matarsa, ya sa rigarsa ɗaya da ya fito da ita.

Ɗakin ƙarami ne. Alƙali a kujera, magatakarda a gefe da biro a hannu. Aka tambayi Malam Kailu, ya faɗi abin da ya sani, matarsa ta ce haka ne. Sannan alƙali ya dubi Rabi ya ce yarinyar nan, mi take a gare ki? Rabi ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ya sake tambaya, a hankali. Ana jin direba a waje yana taɗi da mai gadi. Alƙali ya dubi agogon hannunsa, ya ce zai tambaya sau ɗaya kuma, don hanyar Yamai ba a son a yi yamma a kanta.

Muna ba ta dubi Rabi ba. Malam Kailu ta zuba wa ido, ba ta ƙifta ba. Dattijon ya yi gyaran murya, ya juya fuskarsa ga bango.

"Matar Zaidu, kunyata kike ji. Ni ne babba, na ɗauke miki ita. Hwaɗi."

Ta faɗa, amma can ƙasan maƙoshi. Magatakarda ya ɗaga kai ya ce bai ji ba, kuma abin da bai ji ba ba ya rubutawa. Muna ta ce masa ya matso da kujerarsa mana, ko ita ma sai an aiko izini daga Yamai. Alƙali ya ɗaga mata hannu, ya ce wa Rabi ta ƙara.

"Ɗiyata ce. Ni na haihe ta. Nasiba."

Yarinyar ta waiga bayanta ta ga wa ya kira ta, don ba ta san sunan da wannan murya ba. Da ta gane, ba wurin uwarta ta je ba, cikin zanen Muna ta cusa fuska. Rabi na tsaye kamar wadda aka tuɓe a kasuwa. Alƙali ya ja layi a kan takardarsa ya sa hannu, mota ta tashi da yara biyu.

A nan ya kamata a ce an gama, amma ba a gama ba. Da labari ya kai filin, mata suka sa Rabi gaba da ba'a, wata ta ce ga mai kiran ɗiyar fari gaban suruki, gobe kuma sai sunan miji. Kwana biyu ba ta fito ɗiban ruwa ba. Su ɗin nan da suka yi shiru ranar layi, yanzu suka sami baki. Muna ta bi su rijiya ta ce duk wadda ta ƙara, ita ma za ta kai ta gaban alƙali ta kira nata, sai aka ji tsit.

Washegarin ranar alƙali, bayan sallar Juma'a, Nasiru ya zo gidan Muna da kansa, ba wanda ya aiko shi, ya roƙe ta su zaga tare. Ita ke tambaya, shi ke rubutu, kuma ba uwa take tambaya ba, sai ta ja maƙwabciya gefe. Kafin la'asar sun sami ɗiyan fari tara da ba su cikin katin abincin kowa. Ba a rubuta su marayu ba, ba a rubuta su komi ba, ranar layi suna wurin itace ko ɗiban ruwa, iyayensu mata kuwa suka faɗi na bayansu suka yi shiru. Wayar an rufe ta daga Yamai, don haka a takarda ya rubuta, ya kai wa shugabansa da ya dawo daga taro. Shugaban ya yaba ƙwarai, ya ce za a gyara a ƙidaya mai zuwa.

Damina biyu ke nan. Takardar alƙali ta ce Nasiba ɗiyar Rabi ce, katin abinci ya ce yaran Rabi uku ne, kuma da kati ake auna gero. Rabon uku ake dafa wa huɗu a wannan tamfol, Nasiba ce ke cin na ƙarshe don ita ce babba. Sauran taran ma haka. Duk wanda ya taɓa maganar nan mutumin kirki ne, kowa ya ba da haƙuri, kowa ya nuna wanda ke samansa, yara goma kuwa suna cin ragowar ƙannensu a bayan unguwarmu.

Muna ta tsufa yanzu, gwiwa na damunta, ta daina goya yara zuwa likita sai dai ta sa a goya. Amma kowace Litinin da hantsi tana ƙofar ofishin nan, ta gaida mai gadi, ta aika a gaya wa shugaba ta zo kan maganar yaran nan goma, ta jero sunayensu ɗaya bayan ɗaya da na iyayensu mata, da ƙarfi, yadda na ciki za su ji. Da farko suna fito mata da kujera da ruwan sanyi. Da suka gaji suka daina, sai ta riƙa zuwa da tabarmarta.